Idan Dabba Ta Yi Ciwo, Gida Ya Lura: Abin da Bincike Ya Gano Kan Cututtukan da Ke Tsallakowa Daga Dabba Zuwa Mutum

Iyalai da yawa sun iso sansani da akuya ɗaya ko biyu, ko 'yan kaji, ko jakin da ya ɗauko kayansu. Wasu kuma a nan suka samu tallafin tumaki don su sake kafa kiwo. Wannan dabba ita ce madarar yara, ita ce kuɗin magani, ita ce ajiyar da za a koma gida da ita. Saboda wuri ya yi ƙaranci, sau da yawa tana kwana dab da inda yara suke kwana.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam ana iya samunsu daga dabbobi, kuma uku cikin huɗu na sababbin cututtuka daga dabbobi suke fitowa. Ba mu kawo wannan lissafi don ku ji tsoron dabbobinku ba. Darasin da binciken shekarun nan ya bayar shi ne, yawancin waɗannan cututtuka suna fara nuna alama a garke kafin su shiga ɗaki. Mai dabba ne yake fara ganin alamar, tun kafin likita. Idan ya gane ta kuma ya faɗa da wuri, ana iya tare cutar kafin ta taɓa mutum.

Mene ne bairas?

Bairas wata irin ƙwayar cuta ce mai ƙanƙanta ƙwarai, ba ta iya hayayyafa sai ta shiga jikin mutum ko dabba. Ƙyanda, shan inna, mura da korona duk bairas ne yake kawo su. Kafso da allurar da ake bayarwa don ƙurji ko ciwon da ya yi ruwa, wato magungunan kashe bakteriya, ba sa kashe bairas. Don haka sayen kafso a kasuwa a bai wa yaro ko akuya ba tare da an duba su ba asarar kuɗi ne, kuma yana jawo jinkirin zuwa asibiti. Abin da ya fi aiki a kan bairas shi ne allurar rigakafi, da toshe hanyar da yake bi, da kula da mara lafiya tun ciwon bai yi tsanani ba.

Zumuncin cutar mutum da ta dabba ya daɗe. A 2020 masu bincike a Jamus sun duba huhun wata yarinya da ƙyanda ta kashe a birnin Balin a 1912, wanda aka adana a gidan tarihi. Daga nan suka ƙiyasta cewa bairas ɗin ƙyanda da na bushiya, cutar nan da ta sha ƙarar da shanu a ƙasashenmu, asalinsu ɗaya ne, sun rabu kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Wannan ma dalili ne na tabbatar da cewa kowane yaro a gidanku ya samu allurar ƙyanda.

Tumaki suna ɓari bayan ruwa mai yawa

Akwai cutar da ake kira zazzaɓin Rift Valley, sunan wani kwari a ƙasar Kenya inda aka fara gano ta a jikin tumaki a 1931. Sauro ne yake ɗaukarta daga dabba zuwa dabba. Ƙwan wani irin sauro yana iya daɗewa a busasshiyar ƙasa da bairas a cikinsa. Idan aka yi ruwa mai yawa fadama ta cika, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe, sauron ya ciji tumaki, awaki, shanu da raƙuma.

Babbar alamarta ita ce ɓari da yawa a lokaci guda: tumaki da awaki masu ciki suna zubar da 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ƙananan 'yan tumaki kuma suna mutuwa cikin kwana kaɗan. Mutum yakan kamu ne ta hanyar taɓa jini ko kayan cikin dabba mara lafiya, ko lokacin taimaka mata haihuwa, ko ɗaukar ɗan da aka yi ɓarinsa da mahaifarsa da hannu tsirara. Cizon sauro da shan ɗanyar madara su ma hanyoyi ne. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya shafa wa ɗan'uwansa ba.

Yawancin waɗanda suka kamu zazzaɓi suke yi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, kamar zazzaɓin cizon sauro, sannan su warke. Kaɗan daga ciki cutar tana taɓa musu ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta sa zubar jini, kuma kusan rabin masu zubar jinin ba sa tashi. Wani bincike da aka yi a birnin Port Sudan, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa mata masu ciki da suka kamu sun fi sauran yawan yin ɓari.

Cutar ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A 2016 ta ɓulla a jihar Tawa ta Nijar, musamman a Cintabaraden, a tsakanin makiyaya, ta kashe mutum fiye da 30. A 2025 ma an samu ɓarkewarta a Senigal da Muritaniya. Ambaliyar da yankin Tafkin Cadi ya gani a 2022 da 2024 irin yanayin da wannan sauro yake so ne.

Akwai allurar rigakafinta ta dabbobi tun da daɗewa. Ta mutane ce ake kan gwaji. Jami'ar Oxford ta Ingila ta haɗa wata wadda ta kare tumaki, awaki da shanu a gwaji, an gwada ta a jikin mutane a Ingila da Yuganda, a 2025 kuma aka shiga mataki na biyu a Kenya. Kafin ta iso hannun jama'a, kariyarku ita ce hannunku. Kada a taɓa ɓarin dabba sai an sa safar hannu, ko an zura hannu cikin leda mai kauri wadda ba ta huje ba. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki ko kaɗan.

Yankan gaggawa

Idan dabba ta kwanta, abin da ke fara zuwa zuciyar mai ita shi ne a yanka ta da sauri kafin ta zama mushe, ko a samu nama. Kowa ya san dalilin haka, balle a wurin da nama ke da wuya. Amma binciken da aka yi bayan ɓarkewar wannan zazzaɓi a ƙasashe da dama ya nuna cewa masu yanka da masu fiɗa da masu gyara kayan ciki suna cikin waɗanda suka fi kamuwa. Ko da girki ya kashe bairas ɗin da ke cikin nama, wanda ya yi fiɗar ya riga ya taɓa jinin.

Haka abin yake da wani zazzaɓi mai sa zubar jini da ake kira Kirimiya-Kongo, wanda kaska ke ɗauke da shi. Dabbar da ke da shi ba ta nuna wata alama. Don haka kada a murƙushe kaska da yatsu, kada kuma a bar yara su cire ta daga jikin dabba da hannu.

Raƙuma ma suna ɗauke da wani bairas dangin korona, wanda aka fara gani a jikin mutum a Saudiyya a 2012. Wani bincike da aka yi a mayankar Kano, aka wallafa a 2020, ya samu alamar cewa kusan uku cikin goma na mahautan da ke aikin raƙuma sun taɓa haɗuwa da shi ba tare da sun sani ba. Wannan ya nuna cewa bairas yana tsallakowa jikin mutum fiye da yadda ake zato, kuma wurin yanka babbar mashiga ce. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa. A wanke wuƙa da hannu da sabulu bayan an gama, a nisanta yara daga jini.

Kaji, agwagi da ɗanyar madara

Murar tsuntsaye ta bayyana a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji a Jaji kusa da Kaduna. Cikin 'yan makonni aka same ta a jikin agwagi a Magarya ta Nijar da kuma Marwa ta Kamaru. Tun daga nan tana tafiya tana dawowa, ta hanyar cinikin kaji da kuma tsuntsayen daji masu ƙaura, irin waɗanda ke sauka a Tafkin Cadi.

Abin da ya ba masu bincike mamaki ya faru ne a watan Maris na 2024, lokacin da aka sami wannan bairas a jikin shanun tatsa a jihar Texas ta Amurka, abin da ba a taɓa tabbatarwa ba a baya. Bairas ɗin ya taru da yawa a cikin madararsu. Kyanwoyin da suka sha ɗanyar madarar a gonakin sun mutu, wasu ma'aikatan tatsa kuma sun kamu, yawancinsu da jan ido. Gwaje-gwaje sun nuna cewa dafa madara yana kashe bairas ɗin. Wannan a Amurka ya faru, amma darasinsa ya shafi kowa: a tafasa madarar saniya, akuya ko raƙumi kafin a sha. Idan nono ko kindirmo za a yi, a tafasa tukuna sannan a kwantar. Tafasawar tana kuma kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu da wasu cututtukan.

Kaji sukan mutu da yawa a lokacin hunturu saboda wata cutar ta daban wadda ba ta cika cutar da mutum ba, amma da ido ba a iya bambanta su. Idan kaji ko agwagi suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a fige su, kada a sayar, kada a jefa wa karnuka. A binne su, a hana yara wasa a wurin, a sanar.

Cizon kare

Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya. Wajen huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duka daga cizon kare suke samu. Alamun sukan fito bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Idan suka fito, kusan babu mai rayuwa. Idan kuwa aka yi allura da wuri bayan cizon, kusan babu mai kamuwa.

A Injamena, babban birnin Cadi, an yi wa karnuka allura a 2012 da 2013, aka kai sama da kashi 70 cikin 100 na karnukan birnin. Cutar ta ɗauke na tsawon watanni, sai daga baya ta dawo ta hanyar karnukan da suka shigo daga waje. An koyi abu biyu: yi wa karnuka allura yana yanke cutar daga tushe, kuma gari ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba sai maƙwabta sun yi. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsarin allurar mutane wanda ake iya gamawa cikin mako guda, a 2024 kuma ƙungiyar Gavi ta fara tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu allurar.

Idan kare ko kyanwa ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur. Kada a sa toka, barkono ko ganye, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne, a kuma cika duk ranakun allurar da aka rubuta. Idan an san karen, a ɗaure shi a sa masa ido kwana goma, amma kada a jira waɗannan kwanaki kafin a fara allura. Iyaye su gaya wa yara cewa ba za a doke su ba idan suka faɗi kare ya cije su. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron faɗa shi ne ya fi shiga hatsari.

Ɓera da kayan abinci

Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa daga garin Lassa na jihar Borno, inda aka fara gano shi a 1969. Wani irin ɓera mai nonuwa da yawa ne yake ɗauke da shi, yana zubar da shi cikin fitsari da kashi a kan hatsi da kwanuka. Ya fi yawa a lokacin rani, kuma a Najeriya jihohin Ondo, Edo, Bauci da Taraba suna cikin waɗanda suka fi fama da shi. Mutum huɗu cikin biyar ba sa jin komai ko ciwon ya zo musu da sauƙi, amma ga sauran yana da tsanani, musamman mace mai tsohon ciki. Wasu da suka warke sukan rasa ji. Wannan kam mutum yana iya shafa wa mai jinyarsa ta jini ko amai.

A ƙauyukan Farana ta ƙasar Gini an gwada zuba maganin ɓera gida-gida. Ɓeraye sun ragu sosai, amma bayan 'yan watanni suka dawo. Guba ita kaɗai ba ta isa muddin abinci yana a buɗe. A zuba hatsin rabo a bokiti ko tukunya mai murfi, a ɗaga buhu daga ƙasa, a kife kwanuka da dare, kada a shanya abinci a ƙasa a bar shi ya kwana. Kada yara su kama ɓera ko su gasa shi. A 2024 an fara gwajin allurar rigakafin Lassa mataki na biyu a Najeriya, amma ba ta fito ba tukuna. Wanda ya dawo daga tafiya da zazzaɓin da maganin cizon sauro bai saukar ba, ya koma asibiti ya faɗi inda ya je.

Shawara da ruwan sha

Akwai wata cuta da ta fi addabar sansanoni, wato ciwon hanta nau'in E. Ana samun wasu nau'o'insa a jikin aladu da raƙuma, amma wanda ke ɓarkewa a sansani daga bayan gidan mutum yake shiga ruwan sha. Ya ɓarke a Difa a 2017, inda mata masu ciki suka fi mutuwa, sannan a sansanonin gabashin Cadi a 2024. Alamarsa shawara ce: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ga kasala da amai. A 2022 aka yi wa dubban mutane allurar rigakafinsa a sansanin Bentiu na Sudan ta Kudu, karo na farko da aka yi haka ana cikin annoba, kuma sakamakon da aka wallafa a 2025 ya nuna allura biyu sun ba da kariya. Mace mai ciki da idonta ya yi rawaya a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A wanke jarka a rufe ta, a sha ruwan famfon da aka sa wa magani, a yi amfani da masai.

Tsoron kai rahoto

Mun san abin da ke sa mutane yin shiru: tsoron kada a ƙwace dabbar, ko a kashe ta, ko maƙwabta su ce kai ka kawo cuta. Ga gaskiyar magana. Idan aka tabbatar da murar tsuntsaye, hukumar dabbobi ta ƙasar da muke zaune tana iya ba da umarnin kashe kajin wurin, waɗanda dama cutar takan ƙarar da su. A sauran cututtukan da muka ambata, abin da aka fi yi shi ne ɗaukar jini a gwada, a keɓe dabbar da ba ta da lafiya, a dakatar da kai dabbobi kasuwa na ɗan lokaci, a yi wa sauran allura idan akwai. Kai rahoton ciwon dabba ba ya taɓa rajistarku ko rabonku na abinci. Wanda ya ɓoye kuwa, sau da yawa yakan rasa garken duka, cutar ta wuce garken maƙwabci da na mutanen garin da suka karɓe mu, tunda rijiya ɗaya da makiyaya ɗaya muke amfani da su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dattawa suna tuna yadda bushiya ta kwantar da shanu a farkon shekarun 1980. A 2011 aka sanar da cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Allura ce ta yi wannan aiki, tare da makiyayan da suka kawo shanunsu kuma suka faɗi inda suka ga ciwo. Yanzu ana ƙoƙarin yin haka da wata 'yar'uwarta mai kashe tumaki da awaki da zawo da majina, ana fatan gamawa kafin 2030. Ita ba ta kama mutum, amma tana cinye dukiyar gida. Duk ranar da aka sanar da allurar dabbobi, ku kai naku.

Abubuwan da za a sanar a ranar da aka gan su

- Tumaki, awaki, shanu ko raƙuma biyu ko fiye sun yi ɓari cikin 'yan kwanaki.
- Ƙananan dabbobi ko kaji suna mutuwa da yawa ba zato.
- Kare ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya samu.
- Wani ya yi zazzaɓi bayan ya yi yanka, fiɗa, ko ya taɓa ɓarin dabba.
- Zazzaɓi tare da zubar jini daga hanci, baki ko dubura.
- Ido ya yi rawaya, musamman ga mace mai ciki.

Idan dabba ce, a gaya wa shugaban unguwa, ko ma'aikacin wayar da kai da ke zagayawa, ko malamin dabbobi. Idan mutum ne, a kai shi asibitin sansani, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya irin dabbar da ya taɓa da ranar da ya taɓa ta, domin wannan bayani ne zai sa a san gwajin da za a yi masa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan shafi, musamman masu kiwo, mahauta da mata masu tatsa.